Magungunan Ciwon Kumburin Hanji Mai Daɗewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu fama da ciwon kumburin hanji mai daɗewa da danginsu a nan Sakkwato, musamman bayan an sallamo majinyaci daga asibiti da leda cike da magungunan da bai taɓa jin sunansu ba. An bar sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin kowa ya gane nasa. Duk adadin da aka ambata na manya ne, kuma abin da likitan da ya duba mutum ya rubuta masa shi ne abin bi.

1. Mene ne wannan ciwo, kuma me ya raba shi da atuni ko basir?

Ciwo ne da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa bangon hanjinsa, sai wurin ya kumbura, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini da majina. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffan IBD, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda ake kira kolaitis. Yana farawa daga dubura ya hau sama, kuma ba ya wuce babban hanji. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga wani likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana cin kaurin bangon hanji gaba ɗaya, tana iya ƙuntata hanjin ko ta huda shi ta haifar da ƙurji mai yoyo a gefen dubura.

Atuni ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma da an kashe ta magana ta ƙare. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, ba ya sa gudawa ta makonni, rama da zazzaɓi. A garinmu kusan duk jinin da aka gani a bayan gida sunansa basir, shi ya sa da yawa sukan shafe shekaru suna shan jiƙe-jiƙe kafin a gane ainihin abin da ke damunsu.

2. Ana warkewa gaba ɗaya? Idan ba a warkewa, me magani ke yi?

Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke tumɓuke ciwon daga tushe. Halinsa shi ne ya tashi, ya lafa, ya sake tashi. Saboda haka aikin magani biyu ne: akwai na kwantar da ciwo idan ya tashi, akwai kuma na tsare shi kada ya dawo. Na farko na ɗan lokaci ne, na biyu kuwa na shekaru. Mafi yawan wahalar da majinyata ke sha ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun, wato a riƙe na ɗan lokaci ana ta sha, a yi watsi da na dindindin. Wanda ya riƙe maganinsa yadda ya kamata yana iya yin noma, kasuwanci, karatu, aure da haihuwa kamar kowa.

Idan magani ya gaza, akwai tiyata. Cire babban hanji yana raba mai kolaitis da ciwon hanjin, amma cutar Crohn takan sake ɓullowa kusa da inda aka ɗinke, don haka mai ita yakan ci gaba da magani ko bayan an yi masa aiki.

3. Me ya sa likita ya ƙi fara ba ni magani sai an yi gwaje-gwaje masu yawa?

Domin a ƙasarmu cututtukan da ke kama da wannan ciwo sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗaya. Atunin da ƙwayar amiba ke kawowa yana kama da kolaitis, amma idan aka ba mai shi prednisolone, maganin kwantar da kumburi da ke danne garkuwa, hanjinsa na iya ɓulewa. Tarin fuka na hanji kuwa yakan zauna daidai inda cutar Crohn ta fi zama, wato mahaɗar ƙaramin hanji da babba, har ƙwararru kan sha wuya kafin su bambanta su. Masu aiki a fadama da masunta suna iya ɗaukar tsargiyar hanji, akwai kuma wata tsutsar ciki da ke bazuwa cikin jiki idan aka danne garkuwa.

Shi ya sa ake auna bayan gida da jini, a ɗauki hoton ƙirji, sannan a zura na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa hanjin, a gutsuro ɗan nama a duba. Idan asibitin da ke kusa da ku ba ya yin wannan, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kuɗin gwaji yana da nauyi, amma bai kai asarar shan maganin cutar da mutum ba ya ɗauke da ita ba.

4. An rubuta mini mesalazine, an rubuta wa wani sulfasalazine. Ɗaya ne?

Dangin juna ne, kuma su ne matakin farko ga kolaitis mai sauƙi ko matsakaici. A cutar Crohn amfaninsu kaɗan ne. Sulfasalazine shi ne tsoho, an samar da shi a Suwidin wajen 1940, kuma ya fi araha. Idan ya isa babban hanji sai ya rabu biyu: ɓangare ɗaya shi ne mesalazine mai yin aikin, ɗayan kuma sinadarin salfa ne, wanda ke jawo yawancin illolin, kamar ciwon kai, tashin zuciya da ƙuraje. Akan fara shi kaɗan-kaɗan bayan cin abinci har a kai giram 2 zuwa 4 a rana. Yana mayar da fitsari ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma duk wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa yi wa ƙuraje ko kumburin leɓe ya faɗa tun kafin a rubuta masa, domin su ma suna ɗauke da salfa. Haka ma mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, domin maganin na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar shayi, ido ya yi ɗorawa.

Mesalazine zalla, wanda babu salfa a cikinsa, ya fi daɗin sha, ko da yake ya fi tsada. Akan ba da giram 2 zuwa 4.8 a rana lokacin da ciwo ya tashi. Ba a tauna ƙwayarsa, ba a daka ta, domin rufin da ke jikinta shi ke kai ta inda ake so ta narke. Kuma tunda kowane kamfani da irin rufinsa, kada a sauya daga Pentasa zuwa Asacol ko Salofalk ba da sanin likita ba. Ana auna lafiyar ƙoda kafin a fara, da bayan 'yan watanni, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

5. Dole ne in yi amfani da maganin da ake sawa ta dubura?

Mutane da yawa suna karɓar wannan magani su ajiye shi saboda kunya, alhali ga wanda ciwonsa ke ƙarshen hanji ya fi ƙwayar sha aiki, domin yana sauka kai tsaye a kan gyambon. Akwai dunƙulallen da ake turawa, wanda ke wadatar da dubura, akwai kuma na ruwa ko kumfa da ake ɗurawa, wanda ke hawa sama kaɗan. Haɗa shi da na sha ya fi kowannensu shi kaɗai. A sa shi da dare bayan an zaga, a kwanta a gefen hagu, a yi ƙoƙarin riƙe shi har safe. A kwanakin farko yana iya fitowa da wuri saboda wurin ɗanye ne. A ci gaba, riƙon yana ƙaruwa yayin da kumburin ke raguwa.

6. Prednisolone ne kaɗai ke yi mini aiki nan take, ga shi da araha. Me zai hana in dawwama a kansa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Gaskiya ne maganin yana da ƙarfi. Tun gwajin da aka wallafa a Ingila a 1955 aka tabbatar cewa danginsa suna ceton ran mai kolaitis mai tsanani. Cikin 'yan kwanaki gudawa ta tsaya, cin abinci ya buɗe, jiki ya murmure. Sai dai yana kwantar da ciwo ne kawai, ba ya hana shi dawowa, kuma duk watan da aka ƙara a kansa akwai abin da jiki ke biya: ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska, rashin barci, saurin fushi, yanar ido, laushin ƙashi har ya karye da ƙaramar faɗuwa, mutuwar ƙashin ƙugu, da saurin kamuwa da cututtuka. Ga yara kuma yana tauye girma. Danginsa, dexamethasone, shi ne ake sayar wa mata a matsayin maganin ƙiba, kuma duk wanda ya ga ƙarshen masu shan sa ya san cewa garin neman ƙiba ake samo rama.

Yadda aka saba shi ne a fara da miligiram 40 a rana, da safe bayan karin kumallo, a riƙa rage miligiram 5 duk mako har a gama cikin kimanin mako 8, sau da yawa tare da sinadarin kalsiyam da bitamin D domin kare ƙashi. Wanda ya sha shi fiye da mako 3 kada ya yanke shi rana ɗaya. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari, kuma sukan daina aiki idan suka ga yana zuwa daga waje. Idan aka yanke kwatsam kafin su farfaɗo, sai kasala mai tsanani, amai, jiri da faɗuwar jini su biyo baya, har ta kai ga rasa rai. Idan amai ya hana ƙwayar zama a ciki, a je asibiti a karɓe ta ta allura.

Duk wanda ciwonsa ke dawowa da zarar an rage maganin, ko ya buƙace shi sau biyu cikin shekara ɗaya, lokaci ya yi da za a hau mataki na gaba, wato magungunan tambaya ta 7 zuwa ta 9. Akwai kuma budesonide, miligiram 9 a rana na mako 8, wanda hanta ke lalata yawancinsa kafin ya zaga jiki, don haka illarsa ta fi sauƙi. Shi ma dai na ɗan lokaci ne.

7. Na yi wata ɗaya ina shan azathioprine ban ga canji ba. Ba ya aiki ne?

Bai isa yanke hukunci ba. Azathioprine da ɗan'uwansa mercaptopurine sukan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci fiye, kafin aikinsu ya bayyana, shi ya sa ake fara su tun ana kan prednisolone. Ana lissafa azathioprine da nauyin jiki, miligiram 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo, wato mai kilo 60 zai sha tsakanin 120 da 150 a rana.

Sharaɗinsa shi ne awon jini, domin yana iya danne ɓargo ya rage fararen ƙwayoyin jini, ko ya taɓa hanta, mutum bai ji komai ba. Akan auna duk mako ɗaya ko biyu a farko, daga baya duk wata 3, muddin ana shan sa. A ra'ayina wanda ya san ba zai iya zuwa awo ba gara ya faɗa wa likita gaskiya tun farko a nemi wata hanya. Ciwon ciki mai tsanani a saman cibiya da ke ratsawa zuwa baya, tare da amai, a makonnin farko, dalili ne na dakatar da shi a tafi asibiti. Haɗa shi da allopurinol, maganin ciwon gaɓɓai na gawut, yana ninka ƙarfinsa zuwa matakin guba, sai dai idan ƙwararre ne ya tsara hakan ya rage adadin sosai. Shan sa na shekaru yana ɗan ƙara haɗarin sankarar fata da ta ƙwayoyin garkuwa. Haɗarin ƙarami ne, amma ya isa a rage zama cikin rana tsaka, a kuma nuna wa likita duk wani ƙullutu ko gyambon da ya ƙi warkewa.

8. Da gaske ne methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako?

Da gaske ne: sau ɗaya a mako, a rana guda tsayayya, miligiram 15 zuwa 25, ta allura ko ta baki, kuma an fi ba masu cutar Crohn. Shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane. A rubuta ranar a jikin kwali da manyan baƙaƙe, a sanar da wanda ke kula da majinyaci. Ana haɗa shi da folic acid, wanda ake sha a wata rana dabam. Ba a haɗa shi da Septrin ko Fansidar, ba a shan giya a kansa, kuma yana buƙatar awon jini da na hanta kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 7. Sabon tari busasshe, sarƙewar numfashi ko gyambon baki suna buƙatar ganin likita a ranar. Batun ciki yana tambaya ta 14.

9. Mene ne alluran nan masu tsada da ake cewa sababbi ne?

Magunguna ne da aka ƙera su toshe saƙo guda ɗaya daga cikin saƙonnin da garkuwa ke rura kumburi da su. Na farkonsu, infliximab, an amince da shi ga cutar Crohn a Amurka a 1998. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa a ranar farko, sai bayan mako 2, sai a mako na 6, daga nan duk mako 8. Adalimumab allura ce ta ƙarƙashin fata duk mako 2, wadda mutum ke iya koyon yi wa kansa. Vedolizumab a hanji ya fi tsayawa, don haka bai cika raunana garkuwar sauran jiki ba. Akwai ustekinumab, akwai kuma ƙwayoyin sha irin su tofacitinib da upadacitinib, waɗanda ake taka-tsantsan da su ga tsofaffi, masu shan taba da masu tarihin daskarewar jini. Wasu kamfanoni suna yin kwatankwacin infliximab da adalimumab a farashi mai rahusa, kuma aikinsu ɗaya da na asali.

Kafin a fara ko ɗaya daga cikinsu wajibi ne a bincika tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da C, da cutar ƙanjamau. Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka fi yawa, kuma mutum yana iya ɗauke da ƙwayar tana kwance shekaru ba alama. Waɗannan magunguna suna tayar da ita. Idan aka samu, akan fara maganinta tukuna. Wani abin lura kuma shi ne, farawa a tsaya a sake farawa yana sa jiki ya ƙirƙiro kariya daga maganin har ya daina aiki, ko ya riƙa tayar da borin jini. Iyali su zauna su yi lissafin shekara guda kafin allurar farko.

10. Yaya zan adana magani a zafin Sakkwato, ga rashin wuta?

Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40. A ajiye su a ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa, nesa da taga da rufin kwano, kuma kada a bar su a mota ko a akwatin babur. Na turawa ta dubura yana narkewa; idan ya yi laushi a sa shi a firji na ɗan lokaci yana cikin ledarsa.

Alluran tambaya ta 9 suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma idan suka daskare sun lalace ko da sun narke daga baya. Sanyin randa ko tulu bai kai wannan ba. Wanda ba shi da firji mai sola ko tsayayyar wuta ya roƙi asibiti ko amintaccen kantin magani su ajiye masa, ya riƙa karɓa ranar allura a cikin kula, da tsumma tsakanin maganin da ƙanƙara. Haka nan a yi hattara da allurar da aka yo saƙonta daga nesa ba a san yadda ta yi tafiya ba, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan duk abin da aka saya.

11. Waɗanne magungunan kemis ne zan guje wa?

Na farko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da piroxicam, domin suna iya tayar da ciwon da ya kwanta, su ƙara zubar jini, su wahalar da ƙoda. Suna ɓoye a cikin haɗe-haɗen "maganin gajiya" da ake ƙullawa a leda ba suna, don haka a bar irin wannan haɗi baki ɗaya. Paracetamol ya fi aminci, kada dai babba ya wuce giram 4 a rana. Na biyu magungunan tsayar da gudawa kamar loperamide, da tramadol da kodin: idan akwai jini, zazzaɓi ko kumburin ciki, suna iya tsayar da motsin hanji ya buɗe kamar balan-balan har ya fashe.

Na uku Flagyl da ciprofloxacin. Suna da gurbinsu idan akwai ƙurji ko yoyo a gefen dubura, ko an tabbatar da amiba, amma ba sa maganin kolaitis. Yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta yana share masu amfani da ke hanji, ya buɗe ƙofa ga wata muguwar gudawa, kuma Flagyl na tsawon lokaci yana sa tafin ƙafa da yatsu su yi dindiris. Ƙwayar ƙarin jini kuwa tana baƙanta bayan gida, wasu kuma tana dama musu ciki; idan ba ta karɓe ku ba, akwai wadda ake bayarwa ta jijiya.

12. Idan zazzaɓi ya kama ni ina kan maganin danne garkuwa fa?

Kada a ce maleriya ce a sayi magani a zauna gida. A je asibiti a ranar, a auna maleriya, a kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini, musamman idan akwai ciwon maƙogwaro, domin ga mai shan azathioprine ko methotrexate wannan na iya nuna ɓargo ya danne. A gaya wa duk ma'aikacin da ya duba ku sunan maganin da kuke kai. Likita na iya ɗage allura ko ƙwayar danne garkuwa har zazzaɓi ya wuce, amma prednisolone ba a yanke shi, bisa dalilin da ke tambaya ta 6. Tarin da ya wuce mako 2, gumin dare da rama suna buƙatar binciken tarin fuka. Wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, idan ya zauna da mai ita, ya sanar da likita ba tare da jiran ƙuraje ba.

13. Zan iya yin azumi?

Wanda ciwonsa ya lafa watanni, jininsa bai yi ƙasa ba, yakan iya, bayan ya ga likita tun cikin Sha'aban an sake tsara lokutan magani. Mesalazine yana aiki daidai ko an haɗa adadin yini an sha lokaci ɗaya, azathioprine ana shan sa bayan buɗa-baki, prednisolone kuma da sahur. Na dubura a bar shi sai bayan asham, da haka ma an kauce wa saɓanin malamai a kan hukuncinsa da rana. Batun ƙarin ruwa da ya faɗo cikin watan kuwa a tambayi malami, a kuma nemi asibiti ta daidaita ranar ba tare da an tsallake ta ba.

Wanda ciwonsa ke tashe, ko yake yawan gudawa, ko aka fitar masa da hanji ta ciki yana amfani da jaka, ƙishirwar azumin bazara na iya taɓa masa ƙoda. Aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma karɓar rangwamen ya fi a ajiye magani domin a kai azumi.

14. Ina son haihuwa. In daina magani?

A'a, sai dai a sauya wanda bai dace ba. Abin da ya fi cutar da ɗan tayi shi ne ciwon ya tashi ana da ciki, domin yana jawo ɓari, haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri. Don haka an fi so a ɗauki ciki bayan ciwo ya lafa na wasu watanni. Mesalazine, sulfasalazine, azathioprine, infliximab da adalimumab ana ci gaba da su lokacin ciki da shayarwa a ƙarƙashin kulawar likita. Methotrexate yana nakasa ɗan tayi: ana daina shi aƙalla wata 3 kafin ɗaukar ciki, wasu likitoci sukan ce 6, kuma ba a shayarwa a kansa. Tofacitinib da upadacitinib su ma ana guje musu.

Mai shan sulfasalazine tana buƙatar ƙarin folic acid, amma ta sanar da masu awon ciki, domin miligiram 5 a rana yana rage ƙarfin Fansidar da ake ba masu ciki na rigakafin maleriya. Su za su daidaita. Ga maza, sulfasalazine yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, kuma yakan dawo daidai cikin wata 2 zuwa 3 bayan an koma mesalazine. Magidancin da haihuwa ta yi wa jinkiri ya tuna da wannan kafin a ɗora wa matarsa laifi.

15. Allurar rigakafi da tafiya Hajji ko Umara fa?

Rigakafin da ba shi da rayayyar ƙwaya, kamar na sanƙarau, na ciwon hanta nau'in B da allurar shan inna, ba shi da matsala, an ma fi so a yi shi kafin a fara danne garkuwa. Mai rayayyar ƙwaya, wato na zazzaɓin shawara, na ƙyanda, ɗigon shan inna da BCG (rigakafin tarin fuka), ba a yi wa wanda ke kan azathioprine, methotrexate, alluran tambaya ta 9 ko prednisolone mai yawa. Maniyyaci ya ga likitansa watanni kafin tafiya: idan an taɓa yi masa ta shawara, tun 2016 shaidarta ta zama ta har abada, idan ba a taɓa yi ba, likita zai rubuta takardar uzuri. Ya ɗauki magani fiye da kwanakin tafiya, a jakar hannu, tare da takardar asibiti.

Jaririn da mahaifiyarsa ta karɓi infliximab ko adalimumab a watannin ƙarshe na ciki, akan jinkirta masa BCG da sauran masu rayayyar ƙwaya na wata 6 zuwa 12, gwargwadon maganin. Tunda a nan ana yin BCG ne da haihuwa, a faɗa wa ungozomar asibiti tun kafin naƙuda. Sauran yaran gida kuwa a yi musu rigakafinsu cikakke, domin lafiyarsu kariya ce ga majinyacin. Ya dai riƙa wanke hannu da sabulu bayan yi musu tsarki a makonnin da suka karɓi ɗigo.

16. Maganin gargajiya da abinci suna da tasiri?

Zuma ko habbatus sauda daidai kima ba su hana shan maganin asibiti, amma ba su maye gurbinsa. Abin gudu shi ne maganin wankin ciki kamar filasko, jiƙon da aka zuba wa kanwa da yawa, da garin da ba a san abin da ke cikinsa ba, domin idan awon hanta ya lalace ba za a gane ko daga azathioprine ne ko daga garin ba. A kawo duk abin da ake sha a nuna wa likita ba tare da jin nauyi ba.

Wanda ke kan maganin danne garkuwa ya tabbatar an tafasa madarar da aka yi nonon da zai dama fura da shi, ya guji tsiren da bai gasu ba da ganyen da ba a wanke da ruwa mai tsabta ba. Taba sigari tana tsananta cutar Crohn kuma tana sa ta dawo bayan tiyata; barin ta yana cikin magani.

17. Na ji sauƙi, ko kuɗi ya yanke, ko na manta ban sha ba. Yaya zan yi?

Jin sauƙi alama ce ta magani yana aiki, kuma alamu sukan ɓace tun gyambon bai gama rufewa ba. Wanda ya daina a nan ya kashe maciji bai sare kansa ba. Ana rage magani ne bayan awon jini, awon kumburi a bayan gida ko sake leƙa hanji sun nuna wurin ya warke. Kumburin da aka bari shekaru yana ƙara haɗarin sankarar babban hanji, shi ya sa ake fara leƙen bincike kimanin shekara 8 da fara ciwon.

Idan kuɗi ne, a faɗa tun saura na mako 2. Sau da yawa akwai mafita, kamar komawa sulfasalazine daga mesalazine, kuma hakan ya fi a riƙa tsallake kwana ana jan kwali ɗaya wata biyu. Idan mantuwa ce, a sha da an tuna a wannan ranar. Idan lokacin na gaba ya gabato a wuce wanda aka manta, kada a ninka. Na methotrexate da na allura a tuntuɓi asibiti su faɗi sabuwar ranar.

18. Waɗanne alamu ne ke nufin a tafi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne?

Gudawar jini sau 6 ko fiye a yini tare da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ko jiri idan an miƙe. Cikin da ya kumbura ya yi tauri, ko amai tare da tsayawar bayan gida da tusa. Kumburi mai zafi a gefen dubura. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, domin jini yana saurin daskarewa lokacin da ciwon ya tashi. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu sosai, ko ƙuraje su feso har cikin baki bayan fara sabon magani.

Kolaitis mai tsanani ana kwantar da mai shi ne a ba shi hydrocortisone, dangin prednisolone, ta jijiya, kuma idan bayan kwana 3 zuwa 5 bai juyo ba, likitoci sukan koma ga infliximab ko ciclosporin, ko su yi shawarar tiyata. Kwanakin da aka ɓata a gida ana ƙara prednisolone da ka suna rage damar waɗannan matakai. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, na asibiti da na gargajiya, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da wani ɗan'uwa da ya san ranar da aka sha kowanne na ƙarshe.